Akwati Mai Kallon Sama

Lahadi, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Littafin nan na jerin waƙoƙi ne, amma yau zai ɗauki abin da ba waƙa ba, don duk wanda na gaya wa sai ya ba ni shawara, ni kuwa ba ita nake nema ba.

Mun yi wasa a lambun gidan abincin da muke zuwa duk farkon wata. Kafin mu kai waƙa ta huɗu, matan da ke teburin gaba suka kwashi faranti da jakunkuna suka koma can baya kusa da famfo. Injiniya, wanda ke haɗa mana sauti, sau uku yana baro na'urarsa ya zo ya yi mini alama in rage. Na rage. Yana juya baya na mayar, saboda in na rage ba na jin abin da nake kaɗawa.

Da aka tashi Yaya ta kira ni bayan mota. Ita ce ke waƙa, ƙungiyar ma tata ce, ni ne ƙanin da ke bi mata. Shekara ashirin da biyu ina tsaye da gita a gefenta, tana damana, akwatin sifikata yana ƙasa a bayana ta hagu. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Ƙarami, wasa uku ya rage mana a watan nan. In gitarka ba ta sauko ba zuwa na ukun, zan nemo wani ya tsaya a wurin. Ba na jin muryata, maƙogwarona ya fara ciwo." Shekarata hamsin da ɗaya, ga furfura har a gira, amma har yau Ƙarami nake a bakinta. Na ce mata akwatin ne. Ta ce to a gyara akwatin.

Akwatin ne mana. Ya tsufa, an jefa shi a bayan mota ya fi sau dubu.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Maman yara ta fito daga wanka da gudu ta sauke butar shayi. Wai tun ɗazu take fito, har maƙwabta sun ji, ni ina zaune taku uku da ita. Hankalina yana wani wuri. Ta tsaya tana kallona da tsumma a hannu, na ce mata gajiya ce. Ta zuba mini shayi.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na kira Injiniya ɗakin da muke gwaji don ya tabbatar mini sifikar ta mutu. Ya buɗe bayan akwatin, ya leƙa da tocila, ya danna takardar sifikar da yatsa, ya ce lafiyarta ƙalau, ta ma fi shi lafiya. Raina bai so ba.

Sai ya ce in tsaya yadda nake tsayawa in kaɗa. Na kaɗa. Ya durƙusa ya sa kansa daidai gwiwata, ya tashi yana yamutsa fuska. Ya ce, "Mai gita, duk shekarun nan gwiwoyinka ne ke jin kiɗanka. Sautin a miƙe yake fita, ya bi ta ƙafafunka ya wuce, ya sauka a fuskar wanda ke zaune a gaba. Kai saura kake samu." Ya fita ya dawo da bulo, ya cusa a ƙarƙashin gaban akwatin har ya ɗaga kai yana kallona.

Na sake kaɗawa, wallahi sai da na ja da baya. Kaifi kamar ana kankare kwano da cokali. Ashe don ba na jin kaifin sautin daga sama nake ta murɗa maɓallinsa har ƙarshe, mutanen gaba suna shanyewa saboda kunyar Yaya. Na ji nauyin matan nan na ranar Lahadi ƙwarai. Na rage kaifin zuwa rabi, gitar ta dawo gita.

Muna cikin haka akwatin ya zame daga kan bulon ya kife ta baya. Injiniya ya ce bulo ba abin hawa dandamali ba ne, a sa kafinta ya yi sabon akwati wanda gabansa a kishingiɗe yake tun asali. Na dawo gida da ƙarfina, na ce wa Maman yara ta gani, da ma na faɗa, akwatin ne.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Baba Kafinta yana bayan layinmu, rumfarsa cike da ƙurar katako da kujerun da masu su suka manta. Bai taɓa yin akwatin sifika ba, amma ya ce wanda ya yi wa mata kabad shekara arba'in babu abin da zai ba shi tsoro. Na kai masa tsohon akwatin a baro.

Ya ce shi ba ya aiki da ƙiyasi. Ya sa na tsaya kamar a dandamali, gita a wuya, akwatin taku biyu a bayana ta hagu. Ya ɗauko zare ya manna bakinsa a tsakiyar sifika, ya jawo shi sama, ya ce yadda zaren ya miƙe haka fuskar akwatin za ta kalla. Sannan ya tambaye ni, "Makaɗi, wane kunne zan kai wa?"

Da ƙusoshi a bakinsa yake magana, shi ya sa sai da ya maimaita. Na ce na hagu mana, nan akwatin yake zama tun fil azal. Ya ɗora zaren a kunnena na hagu, ya sa ma'auni, ya zana layi da fensir a jikin katako. Ya ce jibi in zo.

Na san abin da ya kamata in ce masa. Akwai masu jiran gyaran benci su biyu a zaune suna kallonmu.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Maman yara ta je ta karɓo mini rana a wurin likita, Litinin ƙarfe goma. Ban ce zan je ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Baba ya yi aiki. Akwatin gajere ne, gindinsa da faɗi, fuskarsa a kwance tana kallon sama kamar mai jiran ruwa. Ya sa masa hannu na igiya a gefe, ya goge kusurwoyin don kada su yagi kujerar mota. Ya ƙi yi masa fenti baƙi, wai katako mai kyau ba a rufe masa fuska, sai ya shafa mai kawai. Ya ce in ya yi daɗi in gaya wa mutane shi ya yi, in bai yi ba in ce daga waje na sayo.

Injiniya ya mayar da sifikar ciki, muka gwada a ɗakin gwaji mu biyu. Maɓallin ƙara yana kan uku, ina jin komai, har gogar yatsana a kan tsirkiya. Da can sai na kai takwas. Na yi kusan awa ɗaya ina kaɗawa ni kaɗai bayan ya tafi. Rabon da in ji daɗin hannuna haka na manta.

Ɗakin ƙarami ne kuma shiru, bango yana dawo da sauti ta ko'ina. Na lura da wannan, amma ban tsaya a kai ba.

Asabar, ƙarfe takwas na yamma

Wasa na ɗaya. Liyafar sallamar wani ma'aikaci ce a zaure mai gajeren rufi. Na fara a kan uku. Da Dogo ya shigo da gangunansa, mutane suka fara hira da cokula, sai gitar ta ɓace mini ɗungurungum. Ina ganin yatsuna suna tafiya, ban san abin da suke faɗa ba. Na kai huɗu. Na kai shida. Ban san lokacin da na kai takwas ba.

Akwatin da ke kallon sama kuwa ya yi aikinsa da gaskiya: ya aika sautin ya bugi rufi, ya sauko kai tsaye cikin makirufon Yaya. Abin ya yi wani kuka har tsohon da ake yi wa liyafar ya toshe kunnuwa da hannu biyu. Injiniya ya kashe ni daga na'urarsa, amma akwatin kansa ba ya hannunsa, sai da Dogo ya miƙo sanda ya zungure ni.

Yaya ta ƙarasa waƙarta, ta yi wa mutane barkwanci, suka yi dariya. A bakin mota ta zo wucewa ta gabana, ta ɗaga mini yatsu biyu, ta shiga ta zauna.

Rufin ne. Kowa ya ga rufin ya yi ƙasa da yawa.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Ban fita ba. Na canza tsirkiyoyi duka shida, alhali ba su yi wata ba.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na je. Maman yara ta raka ni, ta zauna a baranda da jakarta a cinya.

Wani ɗan ɗaki ne mai ƙofa mai kauri, suka sa mini abin saurare a kai, suka ba ni maɓalli a hannu, wai duk lokacin da na ji ƙara in danna. Da farko na yi ta dannawa har ina jin kaina gwani. Daga baya aka daɗe ba a aiko komai ba, na zauna ina jira, ina cewa a raina na'urarsu ta lalace. Na ɗaga kai na ga matar da ke yi mini gwajin ta cikin gilashi tana kallona, hannunta yana kan na'urar yana aiki.

Likitan yaro ne a kaina, amma yana da ladabi. Ya yi bayani mai tsawo, ya tambayi shekara nawa nake wannan sana'a, da inda nake ajiye sifika. Ya ba ni takarda mai layi biyu, ja da shuɗi. Jan yana tafiyarsa a kwance. Shuɗin ya fara tare da shi, sai ya gangara. Ya ce in dawo bayan wata ɗaya saboda ɗaya kunnen, akwai abin da yake son ya sake dubawa.

Na naɗe takardar na sa a jakar gita, ƙarƙashin tsummar goge tsirkiya. A hanya Maman yara ta tsaya sayen albasa, ta daɗe tana zaɓe, ni ina riƙe da jakarta. Ba mu yi maganar ba.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na koma wurin Baba da akwatin, na ce a sake awo. Yau ba kowa a rumfar. Ya cire ƙusoshin daga bakinsa, ya ɗauko zaren, ya manna, ya jawo. Bai tambaye ni komai ba, ya zagaya ta bayana ya ɗora shi a kunnen dama. Ya duba ya ce, "Tsayinka bai canza ba, kishingiɗar akwatin daidai take. Ba sai na sa zarto ba. Wuri kawai zai canza, ya koma damanka."

Na ce damana Yaya ce. Ya ce to sai ka koma ɗaya gefen nata, akwatin ya samu fili. Ya naɗe zarensa a yatsa, ya ce shi ma idonsa na dama shekara shida ke nan yana hutu, kuma har yau ba a dawo masa da kujera an ce ta karkace ba. Na ce ni ban ce komai ba. Ya ce shi ma bai ji na ce ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

A gwaji na ce wa Yaya zan koma damanta saboda maganar rufi. Ta dube ni ta ce duk inda zai sa ƙarar ta sauka. Dogo ya ce shekara ashirin yana kallon ƙeyata ta gefe ɗaya, yanzu sai ya saba da ɗayan, kuma wannan gefen ya fi sanƙo. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Gwajin bai yi tsawo ba, Yaya tana tattalin murya, rabin waƙa take yi ta tsaya. Ba yabo ba fallasa.

Asabar, ƙarfe takwas da kwata na yamma

Wasa na biyu, a farfajiyar wata makaranta, taron tsofaffin ɗalibai. Babu rufi, babu abin da zan ɗora wa laifi.

Gitar ta fito tas. A kan uku na fara, a kan uku na gama, hannuna bai je wurin maɓallin ba ko sau ɗaya. Akwatin yana bayana ta dama yana zuba mini sautin a kunne kamar mai raɗa. Injiniya ya ɗaga mini babban yatsa daga nesa. Teburin gaba ba wanda ya motsa.

Amma Yaya tana haguna.

Wanda bai yi kiɗa da ita ba ba zai gane ba. Yaya ba ta bin ƙidaya. Takan ja baiti ta riƙe shi yadda ranta ya so, yau gajere gobe dogo, kuma ba ta ba da alama da hannu ko da ido. Abin da nake bi shi ne numfashinta: akwai ɗan jan iska da take yi kafin ta saki, da na ji shi sai in shigo, Dogo da mai biyano su biyo ni. Aikina ke nan a ƙungiyar nan, ba yawan gudun yatsa ba. Yau ina ganin bakinta yana motsi ta gefen ido, muryar tana zuwa mini daga can cikin manyan sifikun jama'a, a makare, a cakuɗe da hayaniya. Numfashin kuwa babu shi sam. Sau biyu na shigo tana tsakiyar riƙe baiti, na taka mata murya, sauran suka biyo ni muka bar ta a baya. A waƙar ƙarshe don tsoro na jira, na jira, har shirun ya yi yawa ta juyo ta kalle ni a gaban mutane.

A mota ta ce, "Ƙarar ta sauka, na gode. Amma yau ni kaɗai na yi waƙa, Ƙarami. Ina ka tafi?" Na ce sabon wuri ne, zan saba. Ta ce saura ɗaya.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Ina zaune a tsakar gida ina kallon Maman yara tana shanya, sai na tuna lokacin da Yaya ke wanki a gidanmu tana waƙa, ni ina gefe da gitar gwangwani mai waya biyu. In na shigo kafin lokaci sai ta watso mini ruwan kumfa. A haka na koyi jira. Ba wanda ya koya mini kiɗa sai ita, ita da ba ta iya riƙe gita ba.

Maman yara ta gama shanya ta zo ta zauna. Ta ce, "Baban yara, 'yar'uwarka ce fa. Ka gaya mata." Na ce in na gaya mata, ɗayan biyu ne: ko ta sallame ni don tausayi, ko ta riƙe ni don tausayi, kuma ban san wanda ya fi ciwo ba. Ina so in tsaya a wurin don na iya, in ban iya ba a kawo wani. Ta ce taurin kaina ya fi na katakon Baba. Na ce na gode.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda littafi ba ya kallon mutum.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Ni da Injiniya a ɗakin gwaji tun azahar. Ya kunna muryar Yaya da aka naɗa a wata ƙaramar sifika, ya ɗora ta a kan sanda daidai tsayinta, ya saki hayaniyar ganguna a manyan sifiku don ɗakin ya zama kamar wurin wasa. Muka yi ta jan akwatin Baba. Na koma tsohon wurina muka sa shi tsakanina da Yaya: ya rufe ta, kuma yana shiga makirufonta. Muka sa shi a gabana yana kallon fuskata: gita da murya suka dunƙule wuri ɗaya, na kasa raba su. Muka matsar, muka karkata, muka ɗora shi a kan kujera. Duk inda aka sa, abu ɗaya nake samu, ko ita ko ni.

Injiniya ya zauna a kan akwatin yana share gumi. Yaro ne mai hankali, ya daɗe da ganewa, tun ranar bulo nake zato, amma bai taɓa furtawa ba. Na ce masa ga yadda za a yi. Zan tsaya a tsohon wurina, Yaya a dama. Akwatin ya koma hagu, a kan biyu, ya sa masa makirufo ya kai wa jama'a gitar ta na'urarsa yadda ya ga ya dace. Ya ce, "Mai gita, a kan biyu ta hagu ai ba za ka ji kanka ba ko kaɗan." Na ce na sani. Ya ce in tsirkiya ta saki fa? Na ce shi yana ji, sai ya cire hularsa, in na ga kansa a buɗe in duba ɗan agogon saiti da ke kan gitar.

Ya tashi ya jawo akwatin har bakinsa na ƙasa ya taɓa ƙwaurina. Ya ce in kaɗa. Na kaɗa, na ji katakon yana rawa a ƙafata, tsirkiya mai kauri da ƙarfi, siraran kaɗan-kaɗan. Da yake fuskar akwatin sama take kallo, ƙafata ba ta tare sautin ba. Ya ce aƙalla zan san gitar tana raye. Ashe dai gwiwoyin nawa ba su gama aiki ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Kwana biyu ina gwaji a falo. Ina kunna muryar Yaya a dama da ƙarfi, gitar a hagu can ƙasa, Maman yara tana zaune a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ita ce alƙali. In na yi kuskure sai ta buga cokali a tire, in gani. Jiya ta buga sau tara. Yau sau biyu, kuma ɗaya ta ce hannunta ne ya kuɓuce.

Abin da wuya, mutum ya yi magana bai ji bakinsa ba. Sai hannu ya riƙa neman maɓalli da kansa. Na sa ta manne shi da salatif a kan biyu.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Dogo ya kira wai ya ji Yaya ta karɓi lambar wani mai gita a wurin mai biyano. Ya ce don kada in ji a bakin wani. Na ce ya kyauta.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na goge gitar, na goge akwatin. Na ci abinci sosai. Wasan ƙarfe huɗu ne.

Asabar, ƙarfe takwas na yamma

Babban zaure ne na wani otal, cike. Da Yaya ta ga na koma tsohon wurina ta ɗaga gira. Na jingina ƙwaurina da akwatin, Dogo ya ƙirga, muka shiga.

Minti biyar na farko na sha wuya. Yatsuna suna tafiya cikin duhu, ina jin ɗan kaɗawar katako a ƙafa, shi ke nan. Sau ɗaya hannuna ya tafi wurin maɓalli ya tarar da salatif ya dawo. Sai Yaya ta kai baitin farko da take riƙewa, ta riƙe, ta riƙe, na ji ta ja iskar nan, na shigo. Daidai. Daga nan na daina neman gitar, na bar ta ga hannuna da Injiniya, na zauna a cikin muryar Yaya. Ban taɓa jin ta haka ba, don da can rabin hankalina yana kan kaina. Akwai wata 'yar rawa da muryarta ta samu a ƙasa wadda babu ita shekarun baya, ta tsufa ita ma, kuma ta fi daɗi. Hular Injiniya sau ɗaya ta bar kansa, na gyara tsirkiya ta uku tsakanin waƙoƙi, ya mayar.

A waƙar ƙarshe akwai inda take yin shiru ta bar ni ni kaɗai na ɗan lokaci. Nan babu murya da zan bi. Na rufe ido na kaɗa abin da na san yana wurin. Da na buɗe na ga mutane a tsaye.

Muna naɗe wayoyi ta zo ta tsaya a kaina, takalmanta a hannu. Ta ce, "Abin da ka yi a ta ƙarshen nan, shekara goma rabon da ka yi shi. Na goge lambar yaron can. Kai yaya ka ji shi daga nan?"

Wurin ya zama nawa, don na iya aka bar mini. Sai na ga babu sauran dalilin ɓoyewa. Na buɗe jakar gita na ɗauko takardar na miƙa mata. Na ce, "Yaya, kunnen hagu ya tafi. Na damar ma suna son su sake dubawa. Yau ko tsirkiya ɗaya ban ji ba, sai dai ki ba ni labari."

Ta daɗe tana kallon layukan nan biyu, na san ba ta iya karanta su ba. Ta dubi akwatin, ta dubi salatif ɗin da ke kan maɓalli. Ta ajiye takalman a ƙasa. Da ta yi magana muryar ba ta fita sosai ba, sai da na matso.

Ta ce, "To ni fa? Kana jina?"

Na ce, "Ke kaɗai nake ji."

Ta naɗe takardar yadda take, ta sa a jakarta maimakon tawa. Ta ce ranar da zan koma wurin likita ita za ta raka ni, Maman yara ta huta. Sannan ta sunkuya ta kama hannun igiyar akwatin, ita da ba ta taɓa ɗaukar ko waya ba a ƙungiyar nan, ta ce in kama ɗaya gefen. Muka fita da shi tare, tana damana, tana ba ni labarin yadda na kaɗa.